Ra'ayin jama'a da kyautar fim mai jawo ce-ce-ku-ce

Fim mai jawo ce-ce-ku-ce shi ne wanda 'yan kallo suka rabu biyu a kansa, wasu na yabo wasu na Allah wadai. A yawancin manyan gasa ba 'yan kallo ke zaɓe ba, amma masu zaɓen ma ai mutane ne, suna karanta jarida suna riƙe da waya, surutun yakan kai musu.

Yadda ake zaɓe

A Oscar ta Amurka da aka fara a 1929, mambobin Academy, wato ƙungiyar masu sana'ar fim da ke shirya gasar, ne ke kaɗa ƙuri'a, wajen mutum 10,000. Tun bikin 2010, a rukunin gwarzon fim kowa jera finafinan yake daga na ɗaya har na ƙarshe, in babu fim ɗin da sama da rabi suka sa a na ɗaya sai a cire na ƙasa a raba ƙuri'unsa ga zaɓi na biyu, haka har a samu. Wannan tsarin shi ke kada fim ɗin da wasu ke mutuwar so wasu kuma suka jefa shi can ƙasa.

Tarihi

Tsohon misalin da aka fi kawowa shi ne Citizen Kane na 1941. Attajirin jaridu William Randolph Hearst ya ga kamar da shi ake, ya hana jaridunsa tallata fim ɗin, rukuni 9 ya shiga amma kyautar rubutu kaɗai ya ci. Zero Dark Thirty na 2012 ma sanatocin Amurka uku, har da John McCain, suka rubuta takarda cewa ya nuna kamar azabtar da fursunoni ce ta kai ga gano Bin Laden, ya tashi da kyauta 1.

Emilia Pérez ya shiga rukuni 13 a 2025, 'yan Meziko dama suna ƙorafin yadda aka nuna ƙasarsu, sai aka tono tsofaffin rubuce-rubucen Karla Sofía Gascón, jarumar fim ɗin, a Twitter na cin zarafin Musulmi da Musulunci, daga nan labari ya sha bamban, 2 kawai ya ci. Green Book kuwa ya zama gwarzo a 2019 duk da dangin Don Shirley, makaɗin da fim ɗin ya ba da labarinsa, sun ƙaryata abin da ke ciki. Ko surutun ne ke kada fim ko dama ba zai ci ba, akwai saɓani.

A Najeriya

Amina na Izu Ojukwu, da ya fito a Netflix a 2021, ya sha suka a Arewa musamman nan Zazzau. Sarauniyar da ake cewa ta yi zamani wajen ƙarni na 16 ga ta tana Turanci, jarumar Lucy Ameh ce, an ga Ali Nuhu a ciki amma shiga da al'adun fada mutane da yawa sun ce ba namu ba ne, kuma gaskiya duk wanda ya taso yana ganin hawan sallah a ƙofar fada sai abin ya yi masa ciwo. Duk da haka a AMVCA, gasar kyautar finafinan Afirka, ta 2022 a Legas ya shiga rukuni 13 ya kuma ci gwarzon fim, don wasu rukunan ne kawai jama'a ke zaɓa, wannan na alkalai ne, kuma ƙorafin da aka yi ta yi da Hausa a Facebook da wuya ya isa teburinsu.

Kannywood

Hukumar tace finafinai ta Kano na iya tsayar da fim tun ba a zo maganar kyauta ba.