Na'urar VFD da moton layi uku a shagon sana'a

VFD na'ura ce da ake sa wa tsakanin wutar lantarki da moton inji domin a sarrafa gudunsa. Masu aikin wuta da dama inbata suke ce mata, ko da yake ba ita ce inbatar gida mai batir ba. A shagunan masu tonin, wato masu sassaƙa ƙarfe da inji mai juyi, da kafintoci ana nemanta ne don abu biyu: ta tayar da moto mai layi uku, wato tiri-fes, a wurin da layi ɗaya kaɗai ya shigo, ta kuma ba mai aiki damar ƙara gudun injin ko rage shi ba tare da ya sauya bel daga wannan fuli zuwa wancan ba.

Moton da ake magana a kansa tsohon abu ne. Nikola Tesla ya sami rajistar ƙirarsa a Amurka a 1888, sannan Mikhail Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG a Jamus ya ƙera mai layi uku a 1889. Ba shi da burushi ko wani abu mai gogayya in ban da boris, shi ya sa yake daɗewa. Amma gudunsa a ɗaure yake da firikwensin wutar, wato sau nawa take kai da komo a sakan guda, abin da ake aunawa da Hz. A ninka firikwensi da 120, a raba da yawan fol ɗin moton, wato kawunan maganaɗisun da kwayil ɗinsa ke samarwa, sai a sami juyinsa a minti. A Najeriya da Nijar wutar 50 Hz ce, don haka moto mai fol huɗu juyi 1,500 yake da shi a lissafi, in an ɗora masa kaya ya sauko wajen 1,420 zuwa 1,450. Kamfanin Danfoss na Denmak ya fara ƙera VFD da yawa don kasuwa a 1968, amma sai da aka samu taransistocin IGBT, masu kunna wuta mai ƙarfi su kashe da sauri, daga shekarun 1980 sannan ta ƙanƙance, ta yi arahar da ƙaramin shago zai iya saye.

Aikin da take yi a ciki

Wutar da ta shigo tana fara bi ta dayod, ta koma DC, wato wuta mai tafiya gefe ɗaya irin ta batir. Manyan kafasito su tara ta su daidaita ta. Daga bolt 230 ana samun kimanin bolt 325 a wannan mataki. Daga nan taransistoci shida su riƙa yanka ta gutsi-gutsi, sau dubbai a sakan, suna aika wa wayoyi uku a jere yadda moton zai ji kamar wutar layi uku ce ta gaske. Wannan yanke-yanke shi ne siririn kukan da ake ji daga moto mai aiki da VFD. Tunda na'urar ce ke ƙera firikwensin da kanta, tana iya ba da 10 Hz ko 25 Hz ko 70 Hz. In ta rage firikwensi takan rage bolt daidai gwargwado, don kada kwayil ya ja wuta fiye da kima ya yi zafi.

Farantin moto

Abin da ke yanke hukunci shi ne ɗan farantin ƙarfen da ke jikin moton, kuma bai kamata a sayi na'ura ba a karanta shi ba. VFD da ke karɓar layi ɗaya na bolt 230, layi uku na bolt 230 take fitarwa, ba 400 ba. Idan farantin ya nuna 230/400, za a buɗe akwatin wayoyin moton, a tarar da ƙusoshi shida da 'yan sandunan tagulla uku. In sandunan suna kwance sun haɗe ƙusoshi uku na jere ɗaya, haɗin sita ke nan, na bolt 400. Sai a kwance su a tsayar da su, kowace ta haɗa ƙusar sama da ta ƙasa, ya koma haɗin delta na bolt 230. Wanda ya bar shi a sita zai ga moton yana juyawa lafiya lau, amma da wuƙa ta ciji ƙarfe sai ya sare. Moton da aka rubuta masa 400/690 kuwa, wannan dabara ba ta ci a kansa. Yana bukatar bolt 400 na gaske.

Girman na'ura kuma da amfiya ake zaɓarsa, ba da doki kaɗai ba. Masu karɓar layi ɗaya galibi suna tsayawa ne wajen kilowat 2.2, wato doki uku. In ana so a ciyar da VFD mai karɓar layi uku daga layi ɗaya, sai a ɗauki wadda ta kusa ninka bukatar moton, kuma a tabbata maƙeranta sun yarda da haka. Bayan an haɗa, dole a shigar mata da bolt da amfiya da firikwensi da juyin da ke kan farantin, domin da su take kare moton daga ƙonewa.

Haɗa ta da inji

Tsohon inji yakan zo da kontakta da makunnin gaba da baya. Duk waɗannan ba su da wuri tsakanin VFD da moto. Wayoyi uku su tafi kai tsaye, domin yanke su yayin da moto ke gudu yana iya kashe taransistocin. Makunnan injin ana mayar da su ne kan ƙananan tashoshin umarni na na'urar, a ƙara ɗan mamurɗi irin na ƙarar rediyo don gudu. Famfon ruwan sanyaya da fitilar inji su sami nasu layin daban. Wayar ƙasa wajibi ce, kuma waya mai sulke ta fi, don rage hayaniyar da ke shiga wasu na'urori.

Ribar da ta fi bayyana ita ce ta tashi. Moton da aka jona kai tsaye yakan fizgi wuta ninki biyar zuwa bakwai a lokacin tashi, abin da ke durƙusar da ƙaramin janareta. VFD kuwa a hankali take ɗaga shi cikin sakan ɗin da aka saita. Tsayawa ita ce mai wahala: injin tonin mai nauyin kai in aka ce ya tsaya da sauri, moton yakan mayar da wuta cikin kafasito har na'urar ta yanke ta nuna alamar bolt ya yi yawa. Maganinsa a tsawaita lokacin tsayawa, ko a sa mata resistan birki, wanda ke mayar da rarar wutar zafi.

Iyakarta

Fankar moto a kan sandarsa take, don haka in an rage gudu an rage iska. Aiki mai nauyi na tsawon lokaci a ƙasa da rabin gudu yana dafa kwayil, sai dai in an sa wata fanka mai wutarta daban. Ƙarfin doki ma yana raguwa tare da gudu, saɓanin fuli da giya da ke ƙara ƙarfin murɗa in an sauko; saboda haka kuskure ne a jefar da fulin inji don an sami VFD. Sama da 50 Hz kuwa ƙarfin murɗa raguwa yake yi, kuma dutsen wasa da zarto da kan tonin kowanne yana da gudun da ba a wucewa. Tsofaffin motoci da waɗanda aka yi wa riwayin ba da kyau ba sun fi saurin lalacewa, musamman in wayar ta yi tsawo.

A ƙasar Hausa zafin bazara da ƙurar hunturu su ne manyan abokan gabarta. Yawancin na'urorin VFD an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ko 50 ba, kuma garin katako ko ɓarɓashin ƙarfe in ya shiga ciki, sai gyara. Akwati mai mashigar iska da matata, nesa da bakin inji, shi ne mazauninta. Wanda zai buɗe ta kuma ya sani kafasito suna riƙe wutar da za ta iya kisa bayan an kashe; a jira minti biyar zuwa goma kamar yadda aka rubuta a murfinta, sannan a auna da mita kafin a sa hannu.