Shirin Dokin Sallah: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Duk shekara, idan aka sauko daga hawan Sallah a Birnin Kebbi ko Argungu ko Yawuri, kwana biyu zuwa uku da ke biyo baya su ne lokacin da ma'aikatan lafiyar dabbobi suka fi shan kira. Wannan doki yana birgima a barga, wancan ya kasa taka ƙafafunsa na gaba, wani kuma fitsarinsa ya yi duhu kamar ruwan shayi. Mai doki zai ce kambun baka ne. Amma idan aka bi diddigi, sau da yawa labarin ɗaya ne: doki ya yi wata da watanni ɗaure a turke, saura mako ɗaya Sallah aka shiga ɗura masa dawa don ya yi kyan gani, ranar hawa kuma aka jibga masa kaya aka sa shi sukuwa cikin rana. Shirin doki yana buƙatar mako 6 aƙalla. Ga mai shirin ƙaramar Sallah, tun tsakiyar Sha'aban ke nan.

Mu fara da cikinsa, don a nan aka fi yin ɓarna. Doki ba ya tuƙa kamar saniya, kuma ba ya amai. Tumbinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, domin Allah ya halicce shi ne ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan kusan yini guda. Idan ka zuba masa dawa mai yawa a zama ɗaya, ba ta gama narkewa a ƙaramin hanji, sai ta wuce babban hanji ta ruɓe can. Tsami ya taru, iska ta cika ciki, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narkar masa da ciyawa su mutu, gubarsu ta shiga jini. Daga nan ciwon ciki ke tasowa. Daga nan kuma kumburin cikin kofato ke tasowa, wanda za ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa a baya, kofaton da zafi idan ka taɓa. Wanda ya kamu da wannan, a janye masa hatsi nan take, a tsayar da shi kan rairayi mai laushi, a tsoma ƙafafun cikin ruwan sanyi ko na ƙanƙara, a kira likita. Kada a tilasta masa tafiya.

Kafin ka san yawan abincin da ya dace, sai ka san nauyin dokinka. Nemi awon tela. Auna kewayen ƙirjinsa daidai inda majayi ke zama, sannan ka auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu, duka da santimita. Ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Dokin da ƙirjinsa 160 ne, tsawonsa 150, zai ba ka kilo 323 ko kusa da haka. Wannan lissafi zai yi maka amfani a wajen abinci da kuma wajen magani, domin maganin tsutsa bisa nauyi ake ba da shi, ba da ka ba.

Ciyawa ita ce ginshiƙi. Doki mai kilo 350 yana buƙatar busasshiyar ciyawa da harawa kilo 5 zuwa 7 a yini, a rarraba masa ta yadda ba zai daɗe bakinsa a banza ba. Hatsi ƙari ne kawai, kuma kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya. Kwanon awo ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka kai kwanonka wurin mai sikeli sau ɗaya ka san abin da yake ci. A fara ba shi ciyawa kafin hatsi. Duk wani sauyi, ko ƙarin dawa ne ko komawa ga ɗanyar ciyawar farkon damina, a yi shi sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Ranar da doki bai fita ba, a rage masa rabin hatsinsa. Dokin da ya ci hatsi cikakke yana kwance, aka wayi gari aka tsananta masa gudu, shi ne namansa ke ɗaurewa, cinyoyinsa su yi tauri, ya yi wannan baƙin fitsarin.

Mu a Kebbi muna da wata matsala tamu ta daban, wato dusar shinkafa. Injinan casa sun yawaita, dusa ta yi araha, har wasu sun mai da ita abincin doki na kullum. Tana sa ƙiba da sheƙin gashi, gaskiya ne. Sai dai sinadarin fosfaras ya yi mata yawa, na kalsiyam mai gina ƙashi kuma ya yi kaɗan. Idan doki ya daɗe a kanta ba harawa, jikinsa zai riƙa zaƙulo kalsiyam daga ƙashinsa, sai ka ga ƙasusuwan fuska sun kumbura, yana ɗingishi yau a wannan ƙafa gobe a waccan. Harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam sosai, su ne ke daidaita wannan. A guji dusar da aka cakuɗa da ɓuntu, da wadda ta fara wari, don tana saurin lalacewa cikin zafi. A yayyafa mata ruwa kafin a ba shi.

Akwai abubuwan da ba a kusantar da su ga doki ko kaɗan. Abincin kajin gona sau da yawa yana ɗauke da magani irin su monensin, wanda kaɗan daga cikinsa yana lalata zuciyar doki ya kashe shi. Masara mai fumfuna tana taɓa masa ƙwaƙwalwa. Maganin kaska na shanu mai sinadarin amitraz yana tsayar da hanjin doki ko da wanka kawai aka yi masa da shi, don haka a karanta jikin kwalba kafin a haɗa. Kada a zuba masa abinci a ƙasa kan rairayi, yana haɗiye yashi ya taru a hanji. A share leda daga barga.

Sai ruwa. A 'yan shekarun nan Sallah tana faɗowa ne cikin bazara, lokacin da zafi a nan kan haura digiri 40. Doki yana shan lita 25 zuwa 40 a yini, idan yana aiki cikin zafi kuma ya kan kai 50 ko fiye, wato jarka biyu manya. Cikin watan azumi yaron barga kan galabaita, ya shayar da asuba, ba zai sake leƙawa ba sai bayan shan ruwa. Doki ba ya azumi. A bar masa ruwa mai tsabta a gabansa, a inuwa, dare da rana. Busasshiyar harawa a cikin da ba ruwa ita ce ke dunƙulewa ta toshe hanji. A ƙara masa gishiri kamar cokali biyu na cin abinci a cikin dusa kullum, don gumin doki yana fitar da gishiri da yawa. Kanwa al'adarmu ce, amma ba ta maye gurbin gishiri, kuma ba a cika ta.

Idan ciwon ciki ya zo, za ka ga yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen kwiɓinsa, ya kwanta ya tashi, ya ƙi abinci, kashi ya ragu ko ya tsaya. Ka kwashe abincin gabansa, ka zaga da shi a hankali minti 10 zuwa 15 idan yana iyawa, ka kira likita. Sa yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa ka ƙirga bugun jini: lafiyayyen doki yana tsakanin 28 da 44 a minti, idan ya haura 60 abin ya yi tsanani. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi, ya kamata ya zama ja-ja mai danshi. Don Allah kada a ɗaga kansa a ɗura masa mai ko jiƙon kanwa da kwalba, balle ta hanci. Abin da aka ɗura yakan bi maƙogwaro ya sauka huhu, doki ya tsira daga ciwon ciki ya mutu da ciwon huhu. Wanda abin ya gagara a gida, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Kilisa kuwa da tafiya ake fara ta. Mako biyun farko, tafiya kawai, daga minti 20 a riƙa ƙarawa har 45, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Mako na uku da na huɗu a shigo da sassarfa ta minti biyar-biyar. Sai a mako biyun ƙarshe a taɓa gajeriyar sukuwa a ƙasa mai laushi. Bayan an tsaya, bugun jininsa ya sauko ƙasa da 60 cikin minti 15. Idan bai sauko ba, aikin ya fi ƙarfinsa, a koma baya. A cikin makonnin nan ne kuma za a saba masa da jalala da sauran kayan ado, da ƙarar tambari da kakaki da bindiga, daga nesa ana matsowa. Duƙushin da bai kai shekara 3 zuwa 4 ba bai isa ɗaukar babban mutum da kayan hawa ba. Ko ga babban doki, mahayi da sirdi da kaya kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, wato kilo 70 ga mai kilo 350.

A gyara kofato duk mako 6 zuwa 8, amma ba a jajibirin hawa ba. A yi masa allurar rigakafin tetanus, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe muƙamuƙi: allura biyu da tazarar mako 4 zuwa 6, sannan a riƙa sabuntawa. Raunin kaimi ko ƙusar da ya taka ya isa ya shigar da ita. Masu barga kusa da fadama, irin su Argungu da gaɓar kogin Kwara, su sani ƙananan ƙwari masu cizo daga magariba zuwa asuba su ne ke yaɗa wata muguwar cuta da ake kira cutar dawakin Afirka da damina. A shigar da doki ciki kafin faɗuwar rana.

Linzaminmu na gargajiya yana da ƙarfi ƙwarai. Fizga ɗaya da fushi tana yanka harshe. Jini a bakin doki bayan zamiya rauni ne, kuma dokin da bakinsa ke ciwo shi ne ke miƙewa tsaye ya faɗo kan mai shi. Ɗaure majayi mataki-mataki, ka taka da shi kaɗan, ka sake dubawa kafin ka hau. Duba ɗinkin igiyar likkafa da kamazuru, don fata takan bushe ta tsage a inda ba a gani. Kada ka cusa ƙafa har ta maƙale a likkafa, wanda ya faɗi ƙafarsa a ciki jansa doki zai yi. Ba a sukuwa a kan kwalta, kofato ba ya kama ta. Ba a naɗe ragama a hannu, ba a ɓullo wa doki ta baya shiru, ba a jera ingarma kusa da goɗiya. Yaro ƙarami sai da babba riƙe da ragama a ƙasa. A wurin kilisa, matasa su sa hular kwano, rawani ba ya tare kai idan an faɗi.

Ranar hawa, a ba shi ciyawa da ruwa da safe, hatsi kuwa ya zama an gama shi awa uku kafin fita. Wani ya biyo ku da jarka, don jiran fitowar sarki kan daɗe. Da an dawo gida a sauke kaya, a kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi har numfashinsa ya lafa. Ruwan sanyi ba ya cutar da dokin da ya yi zafi, kuma a bar shi ya sha. Shafa bayansa da tafin hannu ka ji ko sirdi ya bar kumburi, buɗe bakinsa, ɗaga kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ciyawa tukuna, hatsi sai bayan awa ɗaya ko biyu. Kafin ka kwanta, koma barga da fitila ka duba ko ya yi kashi, ka taɓa kofatan gaba ka ji ko da zafi.