Rigakafin ƙyanda da filasta: yana tafe, amma kada ki jira shi

Uwar da ta taɓa kai ɗanta rigakafi a Rigasa ko Tudun Wada ba za ta rasa jin wannan ba: "Hajiya, ki yi haƙuri, ki dawo ranar rigakafi." Ba wulaƙanci ba ne. Maganin rigakafin ƙyanda gari ne a kwalba, yawanci na yara 10, sai an haɗa shi da ruwansa. Da zarar an haɗa, awa 6 kawai gare shi, abin da ya rage sai zubarwa. Kafin nan ma dole ya zauna cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga rumbun ajiya har akwatin ƙanƙarar da mu ma'aikatan lafiya muke ɗaurawa a bayan babur. Wanda ya taɓa shiga ƙauyukan Giwa ko Birnin Gwari a watan Afrilu ya san yadda ƙanƙara ke ƙarewa tun kafin azahar.

Wannan wahalar ce masana ke neman ragewa da wata 'yar filasta da ake mannawa a fata. A cikinta akwai allurai ƙanana birjik, kowace tsawonta bai kai milimita 1 ba, kuma da maganin aka ƙera su, a bushe. Idan aka danna, sai su huda saman fata kaɗai su narke a ciki. Ba sa nitsewa cikin tsoka, shi ya sa babu zafin da muka sani na allura, sai ɗan kaushi kamar harshen kyanwa. Fata kuwa cike take da ƙwayoyin garkuwar jiki, don haka maganin ya faɗa inda ake buƙatarsa. Tun 1998 Farfesa Mark Prausnitz da abokan aikinsa a jami'ar Georgia Tech ta Amurka suke kan wannan bincike, a 2017 kuma aka fitar da sakamakon gwada ta da rigakafin mura a kan manya 100.

Gwajin da ya fi shafarmu a nan Afirka ta Yamma aka yi shi, a Gambiya, da rigakafin ƙyanda da rubella, wata cuta mai kama da ƙyanda. An fara da manya 45, sannan yara 120 'yan wata 15 zuwa 18, sannan jarirai 120 'yan wata 9 zuwa 10. Minti 5 filastar ke yi a wuyan hannu a cire. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2024 ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na jariran da aka manna wa sun samu kariya daga ƙyanda, daidai da waɗanda aka yi wa allura. Abin da aka fi gani shi ne ɗan tauri ko ja a wurin, ya baje da kansa.

Ni dai ba rashin kukan yaro ne ya fi burge ni ba. Filasta ɗaya ta yaro ɗaya ce, ba sai an jira yara sun taru ba. Babu haɗa ruwa, babu sirinji, babu tsinin allurar da za a rasa inda za a zubar. An kuma tsara ta ta fi jure zafi.

To amma har yanzu gwaji ake yi, ba a fara ba da ita a asibitocinmu ba. Duk wanda ya tallata miki "filastar rigakafi" a kemis ko a WhatsApp, kuɗinki yake so. Haka 'yan na'urorin nan masu ƙananan allurai da ake gurzawa a fuska don kwalliya, ba su da alaƙa da rigakafi.

Ƙyanda kuwa lokacin zafi take fi yaɗuwa, tana kuma iya barin yaro da makanta ko ciwon huhu. Idan ɗanki ya cika wata 9, ɗauki katinsa ki kai shi asibiti mafi kusa a yi masa ta farko, ta biyu kuma a wata 15. Kyauta ce. In lokacin ya wuce ma ki kawo shi, za a yi masa.