Ma'anar “Reshiyo” da Alaƙarsa da Girman Taya a Motoci Masu Oksilari

Tun da dillalan motoci da masu gareji suka mayar da tallarsu Facebook da TikTok, kalmar “reshiyo” ta shiga bakin duk mai Hilux ko Land Cruiser, har da wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin motarsa ba. Kwanan baya na ji wani dillali yana yabon motar da yake son sayarwa, yana cewa reshiyonta babba ne, saboda haka babu mai kamo ta a hanyar Kano zuwa Zariya. Da ya san abin da ya faɗa, da ya gane cewa ya kushe gudun motar ne a daidai lokacin da yake zaton yana yabonsa. Wasu kuma suna ambaton kalmar tamkar wani ƙarfe ne da ake saya a ɗaura wa inji don ya ƙara ƙarfi, kuma wannan fahimtar ce ta fi ci mini rai.

Kalmar ta zo mana ta Turanci, amma asalinta Latin ne, inda take nufin lissafi ko ƙidaya, kuma har yau ba ta wuce hakan ba: kwatanta lamba ɗaya ce da wata. A tsakiyar aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, akwai tulun ƙarfen nan da makanikai ke kira difarenshal, kuma a cikinsa akwai ƙaramin giya da farfela, wato doguwar sandar da ke kawo juyin inji, ke juyawa, shi kuma yana juya wani babban faifai mai haƙora wanda ke kai juyin ga tayoyi. Idan babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, reshiyon 4.10 ne, wato sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Haƙora 43 bisa 10 su ne 4.30, 41 bisa 9 su ne 4.56, 39 bisa 8 kuma 4.88.

Ruɗanin yana farawa ne daga nan, domin hankali yana ba mutum cewa babbar lamba ita ce babban gudu, alhali akasin haka ne. Mota mai 4.88 sai injinta ya fi na mai 4.10 yawan juyi kafin ta ci zango iri ɗaya, don haka ta fi ƙarfin ja da hawan tudu, amma a kan kwalta injin zai yi ta kururuwa tun kafin ta kai gudun da ɗayar ke yi cikin natsuwa. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai giya ya san cinikin a ƙafafunsa: giyar da ke sauƙaƙa hawa ita ce ke sa a yi ta juya feda ba a yi nisa ba. Ƙarfin inji yana nan yadda yake, reshiyo dai yana raba shi ne tsakanin ja da gudu.

Abin da masu ɗora wa mota manyan tayoyi ba sa so a faɗa musu shi ne, taya ita ce giyar ƙarshe a wannan jerin, kuma wanda ya canza girmanta ya riga ya canza reshiyon motarsa ko da bai kwance noti ɗaya a aksul ba. A ɗauki taya mai lamba 265/65R17, wadda Hilux da yawa ke zuwa da ita. Faɗinta milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na wannan faɗin, wilin kuma inci 17, kuma idan aka haɗa, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. Mai motar ya ga ta maƙwabcinsa ta fi tasa cika ido, sai ya sayo 285/70R17, ganin cewa za ta hau wilinsa ba tare da wata matsala ba. Tsayin wannan kusan milimita 831 ne, ƙarin kashi 7 cikin 100 ke nan. Tsohuwar tana cin mita 2.44 a kowane juyi, sabuwar tana cin 2.61.

A ce difarenshal ɗin motar 4.10 ne. Da sabuwar tayar, motar za ta riƙa tafiya kamar mai 3.83. Tashi daga tsaye zai yi nauyi, direba zai riƙa jan kuloci fiye da da, tudun da ake hawa da giya ta huɗu zai nemi ta uku, kuma giyar ƙarshe za ta zama ta ado idan akwai kaya a baya. Agogon gudu ma zai fara ƙarya, domin juyi yake ƙirgawa, ba ƙasa ba: yana nuna 100, motar tana kan 107. Haka lissafin kilomita zai riƙa ragewa, shi ya sa mai irin wannan mota ba ya iya faɗin gaskiyar man da take sha, ko da ya yi niyya.

Gyaran lissafi ne mai sauƙi: a ninka tsohon reshiyo da tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwar. A misalinmu amsar 4.39 ce, kuma tun da lambobin da aka saba samu a kusa da ita 4.30 da 4.56 ne, sai a zaɓi ɗaya. Mai yawan tafiya a kwalta zai iya zama da 4.30. Wanda ke ɗaukar lodi a rairayi, irin direbobin da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku, 4.56 ya fi dacewa da shi, musamman da yake babbar taya ta fi nauyi, kuma wannan nauyin ba ya fitowa a lissafin tsayi. A ganina, yawancin masu manyan tayoyin da ke yawo a cikin gari ba sa buƙatar ko ɗaya daga ciki, tayarsu ta asali kawai suke buƙata a mayar musu.

Mota mai oksilari kuwa, wato mai iya ja da duka tayoyinta huɗu, difarenshal biyu gare ta, na gaba da na baya, kuma wajibi ne reshiyonsu ya zama ɗaya, domin idan aka sa oksilari a irin su Hilux, farfelar gaba da ta baya suna kullewa ne su juya tare. Wani ɗan'uwana ya koyi wannan da kuɗinsa. Difarenshal ɗinsa na gaba ya lalace, aka sayo masa na hannu, bakaniken ya duba ya ga notuna sun hau daidai, ya ɗaura. Watanni motar tana lafiya, saboda babu abin da ya sa shi neman oksilari, sai da damina ta zo ya sa oksilarin a cikin laka, ya fito kan busasshiyar ƙasa bai cire ba. Sitiyari ya yi tauri, tayoyi suka fara gurzar ƙasa, sandar oksilarin ta ƙi fita, daga bisani aka ji ƙara daga ƙarƙashi. Da aka kwance aka ƙirga, na baya 41 bisa 10 ne, wanda aka sayo 43 bisa 10. A kowace mita 100, ƙafafun baya suna neman wuce na gaba da kusan mita 5, kuma inda ƙasa ba ta bari taya ta zame ba, haƙoran giya ne ke biyan bambancin. Sa tayoyi masu girma daban a gaba da baya yana jawo wannan ɓarnar ita ma.

Kafin a biya kuɗin difarenshal a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a ƙirga haƙoran da yatsa, ko a nemi lambobin da ake bugawa a jikin babban faifan. Wanda ke jikin mota kuma ana iya sanin nasa ba tare da an kwance shi ba: a tare sauran tayoyin da dutse, a ɗaga taya ɗaya da jak, a sa giya a firi, a saki birkin hannu idan ta baya ce, a shata alli a jikin farfela da jikin tayar, sannan a juya tayar sau 20 ana ƙirga juyin farfela. Idan allin ya zagayo sau 41, reshiyon 4.10 ne, idan sau 43 ne kuma 4.30. Difarenshal mai riƙe tayoyi biyu tare ba zai bari taya ɗaya ta juya ita kaɗai ba, don haka a nan sai a ɗaga duka biyun a juya su sau 10.