Waiwaye: Kunamar ruwan Mekong da makomar manyan kifayen koguna

A watan Yunin 2022 wani masunci a lardin Stung Treng na ƙasar Kambodiya ya kama kifi mai nauyin kilo 300 a kogin Mekong, wanda tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ya kusa mita huɗu. Kifin, wato kunamar ruwa, shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, idanunsa a sama, bakinsa a ƙasa, yana kwanciya cikin laka yana cin ƙananan kifaye da kaguwa, kuma a wutsiyarsa akwai ƙaya mai dafi wadda yake kare kansa da ita. Masu bincike sun auna shi, suka sa masa na'urar bin sawu, suka mayar da shi ruwa da ransa. Da wannan nauyi ya karɓe matsayin kifin ruwan daɗi mafi girma da aka taɓa tabbatarwa daga hannun wani ƙaton ɗan dangin tarwaɗa mai kilo 293 da aka kama a arewacin Tailan a 2005, a cikin wannan kogi dai.

Masunta Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan dangi. A kogin Binuwai da na Kwara akwai ƙanensa da suke kira kunamar ruwa saboda harbinsa, wanda masana suka bayyana a rubuce a 1962 daga samfurin da aka samo a Garwa ta Kamaru, sai dai faɗinsa bai cika wuce kamu biyu ba. Shi kuwa na Asiya, wani masanin ƙasar Holan mai suna Pieter Bleeker ne ya fara bayyana shi a 1852 daga tsibirin Jaba, sa'annan aka manta da shi fiye da shekara ɗari, har aka sake raɗa masa suna a Tailan a 1990 a matsayin sabon nau'i, kafin daga baya a gano cewa kifi ɗaya ne. Wato dai ilimin zamani ya waiwaye shi ne a daidai lokacin da ya fara ƙaranci.

Dalilin ƙarancin ba ɓoyayye ba ne. Babban kifi yana daɗewa kafin ya balaga, kunamar ruwa kuma ba ta zuba ƙwai, haihuwa take yi, ƴaƴa kaɗan a lokaci guda, saboda haka kowace uwa da ta mutu a cikin koma babbar asara ce. Ga kuma madatsun ruwa, waɗanda ke datse hanyar da kifi ke bi zuwa wurin hayayyafa, su kuma tare laka. A Sin, madatsar Gezhouba ta tare kogin Yangtze a 1981, kuma wani dogon kifi mai baki kamar takobi da ke rayuwa a can ba a sake ganinsa da rai ba tun 2003, har aka ayyana ɓacewarsa baki ɗaya a 2022. A Mekong ma, madatsar Xayaburi ta ƙasar Lawos ta fara aiki a 2019.

Mu a nan babban kifinmu shi ne giwan ruwa, wanda kan kai kilo 200, kuma shi ne abin da dubban masunta ke fatan kamawa da koma da gora a bikin Argungu tun 1934. Tarihin ruwayenmu ya bi irin waccan hanya: an gina madatsar Kainji a kan Kwara a 1968, an gina ta Lagdo a kan Binuwai a 1982, tafkin Cadi ya janye matuƙa bayan farin shekarun 1970 da 1980, ga kuma aikin madatsar Kandaji da ake yi a jihar Tillaberi. Ba a musun amfanin madatsa ga noman rani da wutar lantarki, amma da wuya a ji an sa kifi cikin lissafi lokacin da ake tsara ta.

Gulbin Maradi ba ya gudana sai da damina, kuma ruwansa yana ratsowa ne ta madatsar Jibiya a jihar Katsina kafin ya shigo Nijar, don haka cikar tafkin Madarunfa ba ga ruwan sama kaɗai ta dogara ba. Wanda ya tsaya gaban mai sayar da kifi a kasuwar Maradi, abin da zai fi gani a tire shi ne karfasa kamar tafin hannu da banda ta tarwaɗa a naɗe, giwan ruwa kuwa sai jefi-jefi. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe kifi tun bai isa hayayyafa ba, kuma dokar hana kamun kifi a wasu watanni, wadda sarakunan ruwa suka saba tsayawa a kanta, ba ta aiki sai inda masunta da hukuma suka yarda su tsare ta tare.