Gyambon jikin itacen zaitun: bakteriya ce ko fumfuna?

Mai gonar zaitun idan ya ga reshe ya soma bushewa, yakan garzaya neman maganin feshi. A dakata tukuna. Gyambon nan ba iri ɗaya ba ne, kuma abin da ke tare wani bai cika taɓa wani ba.

Na bakteriya ya fi saurin ganewa. Ƙwayar da ake kira Pseudomonas savastanoi tana fitar da sinadaran da ke sa tsokar itacen ta riƙa girma ba ƙaƙƙautawa, sai ƙulle-ƙulle su fito a rassa. Da farko masu laushi ne, kore-kore, daga baya su taurare, su yi duhu, su tsattsage. Idan ƙullin ya zagaye ɗan reshe, abin da ke sama da shi ya mutu. Ƙwayar tana zaune cikin ƙullin, da ruwa ya sauka sai ta tsattsafo, ruwan ya ɗauke ta zuwa wani rauni.

Na fumfuna kuwa ɓoyayye ne. Ɓawo yakan lotsa, ya yi launin ƙasa-ƙasa, ganye ya bushe a kan reshe. Ka yanke reshen a gicciye ka duba: za ka tarar da baƙin tabo mai siffar yankan kankana, ya faro daga gefe ya nufi tsakiya. Irin wannan yawanci aikin dangin Botryosphaeria ne, kamar Neofusicoccum mediterraneum, wani lokaci kuma Cytospora. Sun fi cin galaba a kan itacen da fari ko ƙunar rana suka riga suka galabaita.

Dukansu ta rauni suke shiga: wurin datsa, bugun ƙanƙara, tsagewar tsananin sanyi, duka da sanda lokacin girbi, har gurbin da ganye ya faɗo. Shi ya sa datsa a ranar ruwa ganganci ne, komai matsin aiki. A bari sai an samu bushewar yanayi, a fara da lafiyayyun itatuwa, a riƙa goge almakashi da zarto da sifirit ko ruwan bilic kafin a koma kan wani.

Feshin maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe rigakafi ne kawai. Yana amfani idan an yi shi nan da nan bayan girbi ko bayan ƙanƙara, amma ba ya narkar da ƙullin da ya riga ya fito, kuma ba ya kai wa ga fumfunar da ta shige cikin itace. Wannan sai yanka: a sare ƙasa da tabon har a ga farin itace tas, a kwashe rassan daga gonar a ƙone.