Tallafin Noma a Gundumomin Karkarar Amurka: Wa Ke Karɓa, Kuma Ta Yaya?

Ta wace hanya kuɗin ke isa hannun manomi?

Majalisar dokokin Amurka ce ke tsara shi a cikin babbar dokar noma da ake sabuntawa kusan duk shekara biyar. Ma'aikatar Noma ke biya, ta hannun hukumarta FSA mai ofisoshi a gundumomi. Can manomi ke rajistar gonarsa, ya bayyana abin da ya shuka. Tsarin ya samo asali ne a 1933, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da farashin amfanin gona ya faɗi warwas.

Me ya haɗa tallafin da gunduma?

Dokar 2014 ta soke kuɗin da a da ake biya kowace shekara, ko an yi asara ko ba a yi ba. A madadinsa aka ba manomi zaɓi biyu. Na farko, PLC, yana biya idan farashin amfanin gona a faɗin ƙasa ya sauka ƙasa da wanda doka ta ƙayyade. Na biyu, ARC, a sigarsa da aka fi ɗauka, ba ya duba gonar mutum ɗaya. Abin da gunduma gaba ɗaya ta samu ake aunawa da na shekarun baya, in ya yi ƙasa sosai a biya.

Saboda haka manomin da gonarsa ta yi albarka zai iya karɓar kuɗi don gundumarsa ta sha fari, wanda ƙanƙara ta lalata wa shuka shi kaɗai kuma ya tashi hannu rabbana daga wannan shiri. Maƙwabta biyu da iyakar gunduma ta raba, ruwa ɗaya ke sauka a gonakinsu, amma abin da za su karɓa ya bambanta.

Kowane manomi ke samu?

A'a. Mafi yawan kuɗin na tafiya ga masara, waken soya, alkama, auduga da shinkafa. Mai noman kayan lambu ko 'ya'yan itace ba ya cikin waɗannan shirye-shirye biyu.

To me ya sa ake cewa manyan gonaki ne ke kwashewa?

Domin da faɗin gona ake lissafi, ba da bukatar mai ita ba. Mai eka 3,000 dole ya fi mai eka 100 samu nesa ba kusa ba. Dokar 2014 ta sa iyakar dala 125,000 ga mutum ɗaya a shekara (an ɗaga ta a 2025), ta kuma hana wanda matsakaicin kuɗin shigarsa na shekara ya wuce dala 900,000. Sai dai idan gona ta haɗin gwiwa ce, kowane abokin tarayya da aka amince yana da hannu a harkar na iya samun tasa iyakar, har da wanda shawara kawai yake bayarwa daga birni.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙasar noma da ke jawo tallafi tsada take ƙarawa. Mai ita ya ƙara kuɗin haya, matashin da ke son fara noma ya rasa inda zai sa ƙafa.

Akwai wasu nau'o'in tallafi?

Akwai. Gwamnati na ɗaukar kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin inshorar amfanin gona. Shirin CRP da aka fara a 1985 yana biyan manomi ya hutar da ƙasa mai saurin zaizayewa na shekara 10 zuwa 15. A 2018 da 2019 kuma an yi biya na musamman ga waɗanda rikicin kasuwanci da Sin ya karya wa ciniki, musamman masu waken soya.